Ta Ce Da Sauƙi

A gidan Wakili guga biyu ne, kuma wallahi na goge kaya ya fi na rijiya gata. Kowace safiya mai kura zai sauke jarkokin ruwan kamfani a bakin ƙofa, shuɗaye fes, sai matar Wakili ta fito da ɗaurin ƙirji ta hau rabo. Wannan ta yara ce. Wannan ta girki da shayin maigida. Ƙaramar kuwa a kai ta ƙarƙashin teburin guga, domin ruwan rijiya yana toshe hancin dutsen gugar, ya bar farin tabo a rigar aiki. In ta gama sai ta zura ɗaya gugan a rijiyar tsakar gida, ta jawo, ta juye a tulun da ke bakin ɗakin baya. Wannan shi ne rabon Gwaggo.

Kamfanin ba na gwamnati ba ne, ba kuma masu rabon sadaka ba ne. Burtsatse suka haƙa a bakin titi, suka kafa injin tace ruwa mai aiki da hasken rana, suna sayarwa da araha, abin da aka samu kuma da shi suke riƙe ma'aikatan da ke bi gida-gida da jaka suna duba marasa lafiya. A faɗi gaskiya, unguwa ta huta. Yaran da a da ba sa rabo da gudawa sun yi kumatu. Ɗan yayan Gwaggo aka ɗora a kan rumfar ruwan, tun daga nan sunansa ya ɓace, kowa sai Wakili. Har ɗigon ruwa shuɗi aka zana a jikin ƙofarsa, wai alamar gidan da za a yi koyi da shi.

Rijiyar gidan kuwa bango ɗaya ne tsakaninta da ramin bayan gidan maƙwabta. Tun da ruwan sama ya yi yawa ta canza launi, ta fara wani irin tsami. Wakili ya sani. Shi ne fa yake tsayawa a rumfa da lasifika a hannu yana cewa jama'a a guji ruwan rijiya.

"'Yar nan," Gwaggo ta ce wata safiya, tana kallon abin da ke cikin kofinta, "ni fa ruwan nan wari yake min."

"Kai, Gwaggo!" matar Wakili ta ce, ba ta ko juyo ba. "Ke da kike shan rijiya tun ba a haife mu ba? Ai cikinki ya saba. Na kamfanin nan akwai magani a ciki, in kika sha ma sai ya ɓata miki ciki. Yara ne ba su da ƙwari."

"Dutsen gugar fa? Shi ma yaro ne?"

Matar ta kwashe da dariya har da tafi. "Gwaggo ke nan! Ba kya rabo da barkwanci."

Gwaggo ba barkwanci take ba, amma ta ɗaga kofin ta sha, tunda ƙishirwa ba ta san fushi ba.

Ba a jima ba cikin ya nuna cewa bai saba ba. Ya fara da murɗa, sai zawo ya biyo baya. Tun tana zuwa bayan gida da ƙafarta garau har ta koma bin bango. Wata safiya ta ga Wakili yana tura babur ɗinsa zai fita, ya sha rigar kamfani mai karin guga, ta yafito shi daga bakin ɗaki.

"Sarkin kuka, zo nan."

Ya waiga hagu da dama kafin ya matso. Sunan da ta sa masa ke nan tun yana goye a bayanta, bayan rasuwar uwarsa, lokacin da kukansa ke hana layin nan gaba ɗaya sakat.

"Gwaggo, don Allah ki daina kirana da sunan nan, yara suna ji."

"To, ranka ya daɗe, cikina ya lalace. Ruwan nan ne."

"Canjin yanayi ne, Gwaggo. Kowa fama yake."

"Ka ce wa matarka ta riƙa zuba min na jarka."

Ya sosa ƙeya. "Zan yi mata magana. Kin san ni ba na shiga harkar cikin gida. Kuma rabon da ake ba mu da ƙyar yake kai yamma."

"Ba kai ne da rumfar ba?"

"Haba Gwaggo, ai ba nawa ba ne. Amana ce."

Amana! Ka ji mutum. Ruwan da ke cikin tanki amana ne, matar da ta goya shi kuwa ko oho. Ya buga babur ya fita, ya bar mata hayaƙi a tsakar gida. Maganar da ya ce zai yi wa matarsa, in dai ya yi ta, to a zuci ya yi.

Gwaggo ta sa ranta a kan zuwan Mai Jaka. Haka unguwa ke kiran ma'aikaciyar lafiyar kamfanin da ke zagaya layinsu, wata siririya mai sauri kamar ana korarta, kullum da jaka rataye a kafaɗa. A sauran gidaje kai tsaye take shiga har ƙuryar ɗaki. Amma nan gidan Wakili ne, mai ɗigon ruwa a ƙofa. Da ta yi sallama aka ja ta falo, aka kunna mata fanka, aka kawo mata ruwa mai sanyi a kofin gilashi. Gwaggo tana kwance tana jin muryoyinsu, tana shirya maganarta daki-daki: murɗar, zawon, warin ruwan, jirin da ke ɗibarta in ta miƙe.

"Akwai mara lafiya a gidan?" ta ji Mai Jaka ta tambaya.

"Lafiya ƙalau muke. Sai dai Gwaggo da 'yar gajiyar tsufa, tana hutawa."

Takunsu ya zo har bakin ɗakin ya tsaya. Labule a sake yake.

"Sannu Gwaggo. Ya jiki?"

"Da sauƙi, 'yata. Alhamdu lillahi."

Kafin ta ankara bakin ya riga ta. To me za ta ce? Duk wanda aka yi wa tarbiyya haka yake amsawa. Gwaggo ta ga mutanen da rai ya zo musu wuya, aka ce ya jiki, suka ce da sauƙi. Kalmar ba rahoton ciwo ba ce, amsa gaisuwa ce kawai, cewa na ji, na gode. Daga nan mai dubiya yakan jawo kujera ya zauna, ya ce to ina ne ke ciwo, sannan a shiga zance. Gwaggo ta buɗe baki tana jiran a jawo kujerar.

"Kin ji da kunnenki ko?" matar Wakili ta yi caraf.

"Ko in ɗan leƙa ta?" in ji Mai Jaka.

"Wai! Ba ta son a gan ta ba ta kintsa ba. Kin san tsofaffi da kunya."

Mai Jaka ta gyara ratayar jakarta. Gidaje da yawa na jiranta, ga rana tana yi, ga kuma nauyin matar shugaban rumfa. "To Allah ya ƙara sauƙi, Gwaggo," ta ce, takunta ya yi nisa.

Gwaggo ta daki tabarma da tafin hannu. "Kai wannan baki, Allah ya isa tsakanina da kai," ta ce, ita kaɗai a ɗaki. Haushin kanta ya fi na kowa ci mata rai.

Haka aka yi ta yi. Mai Jaka ta zo, a tsaya a bayan labule, a gaisa, bakin Gwaggo ya ci amanarta, a wuce. Wata rana ma ta yi ƙoƙarin ƙarawa da cewa "sai dai", amma muryar ta yi ƙasa, matar Wakili kuma ta hau ba Mai Jaka labarin haƙoran autarta da ƙarfi har suka bar wajen. Ban da haka akwai abin da ke danne harshen Gwaggo wanda ya fi sabo nauyi. In ta yi magana, ɗanta ta tona wa asiri, a gaban ma'aikaciyar da ke gaishe shi da rusunawa. Ita ta yi masa wanka, ita ta kai shi makaranta yana tirjewa. Duk lokacin da maganar ta taso sai wannan ya mayar da ita ciki.

Jikin kuwa bai san kara ba. Leɓɓanta suka tsattsage. Idanun suka faɗa. Zoben azurfar da ya shekara da shekaru bai fita daga yatsarta ba, ya zame da kansa ya faɗi a tabarma. Salla ta koma yi a zaune, daga baya ta koma yi a kishingiɗe. Abin takaicin shi ne ƙishirwar, domin duk abin da ya fita jiki sai ya nemi a mayar masa, ita kuma ba ta da abin mayarwa sai wannan tulun da ke kashe ta. Ta roƙi a riƙa tafasa mata, matar Wakili ta ce gas ya kusa ƙarewa, a bari a cika tukuna. Ta roƙi a haɗa mata ruwan gishiri da sukari, aka haɗa mata, ba a ƙi ba, amma da ruwan rijiya.

Wata rana da tsakar rana matar Wakili tana cikin guga wayarta ta yi ƙara, ta shige ɗaki tana shewa da ƙawarta. Gwaggo ta hango ƙaramar jarkar a ƙarƙashin tebur, murfinta a buɗe. Ta ɗauki kofinta ta rarrafa. Tsakar gidan da take sharewa kafin a ce kwabo, yau sai da ta huta a tsakiyarsa. Da ta isa ta karkata jarkar, sai ta suɓuce mata ta kife. Abin da ta tara a kofin bai wuce kurɓa biyu ba. Ta ɗaga ta shanye. Ruwa ne kawai, ba wari, ba tsami, ba komai, sai ta ji hawaye yana neman zuwa amma jikin ba shi da ruwan yin sa.

"Inna lillahi! Gwaggo, me zan gani haka?" Matar Wakili ta fito, waya a hannu, tana kallon ruwan da ke malala zuwa magudana. "Da kin tambaya ai!"

"Na tambaya."

"Ga shi kin zubar, rigar maigida ban gama ba. Ke ba ki da lafiya, ki zauna waje ɗaya mana. In kika faɗi kika karye wa za a zaga? Ni!"

Ta kama ta ta mayar da ita ɗaki, tana sannu-sannu da babbar murya don maƙwabta su ji. Washegari jarkokin duka suka koma falo, aka sa wa ƙofar makulli. Da wata maƙwabciya ta tambaya, sai ta ce yara ne suke wasa da ruwan.

Ana cikin haka, wata yamma Wakili da kansa ya ɗaga labulen ya shigo. Rabonsa da cikin ɗakin nan har Gwaggo ta manta. Ya tsuguna daga nesa-nesa, yana numfashi ta baki don kada ya shaƙi warin, ya ajiye sabon zani da wasu ƙwayoyi da ya sayo a kemis.

"Sannu Gwaggo. Kai, kin rame."

"Ashe kana gani."

Ya yi kamar bai ji ba. "Gwaggo, magana ce da ni. Gobe Babbar Malama za ta zo, wadda ke kan duk ma'aikatan lafiyarmu. Ana so a naɗa wanda zai shugabanci wakilan yankin nan, kuma sunana yana gaba. Za ta shigo ta ga gidan. Kin san mutane, in aka ji an samu gudawa a gidan Wakili, shi ke nan na kaɗe. Masu baƙin ciki sun yi yawa."

Gwaggo ta zuba masa ido.

"Da sun tafi, wallahi da kaina zan kai ki asibiti. Abu ɗaya nake roƙo. In sun gaishe ki, ki amsa yadda kike amsawa. Ki ce da sauƙi. Shi ke nan fa, ba wani abu ba."

Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Ita duk zatonta bakinta ne ke cin amanarta, ashe suna sane, lissafi suke da shi. Sun san an hore ta ba za ta amsa gaisuwa da ƙorafi ba, sun san ba za ta kunyata ɗanta ba, sai suka jingina da hakan suka miƙe ƙafa. Ba su ko wahalar da kansu sun rufe ɗakinta ba, labule kawai suka saki, domin kwaɗon yana bakinta. Wani irin fushi ya taso mata tun daga cikin da ke murɗa, fushin da ta manta tana da shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba.

"Na ji," ta ce.

"Allah ya bar mana ke, Gwaggo," ya ce, ya fita da sauri ya shaƙi iska.

Da safe gidan ya ɗauki shara da wanki kamar za a yi biki. Matar Wakili ta zo ta ɗaura wa Gwaggo sabon zanin, ta fesa turare a ɗakin har sai da tsohuwar ta yi tari. Ta ɗauke tulun ta kai bayan ɗakin girki ta kifa masa kwando. A gurbinsa ta dasa jarka shuɗiya, sabuwa dal, ta ɗora kofi mai kyau a kai. Ta ja baya ta duba, ta gyara zaman kofin, sannan ta saki labule.

Wajen hantsi suka iso. Gwaggo tana jin komai: sallama, dariyar Wakili mai yawa, yadda yake nuna wurin wanke hannu, da murfin da ya sa wa rijiya, wai don kada ma wani ya yi kuskuren sha. Akwai wata murya mai kauri ta mace babba, ba ta cika magana ba, sai "to" da "madalla". Takun ya matso.

"Nan kuma ɗakin gwaggona ne," in ji Wakili. "Ita ta rene ni. Ga jarkarta nan, ba ma haɗa ta da ta kowa. 'Yar gajiya ce ke damunta, ga Mai Jaka nan, tana duba ta kullum."

"Sannu Gwaggo," babbar muryar ta ce daga bayan labule. "Ya ƙarfin jiki?"

Kalmar ta taso da kanta, ta zo har kan harshe, sumul kamar kullum. Gwaggo ta datse ta da 'yan haƙoran da suka rage mata. 

"Ina jin barci ya ɗauke ta," Wakili ya ce. "Mu je ku ga..."

"Babu sauƙi."

Muryar Gwaggo ce, kamar ba tata ba.

"Na'am, Gwaggo?" in ji babbar muryar.

"Na ce babu sauƙi! Babu! Ko kaɗan babu!"

Tunda take ba ta taɓa faɗar wannan ga mai gaisuwa ba, sai ta ji kamar ta tuɓe a kasuwa. Amma da ta faɗa sau ɗaya, sauran ya zo da kansa.

"Ruɗin tsufa ne, Malama," matar Wakili ta ce. "Wani lokacin ba ta san abin da take faɗa ba."

"Na sani sarai, 'yar nan! Ke mai babbar murya, in da gaske duba mutane kika zo yi, ɗaga labulen nan ki shigo. Ni ba na iya tasowa."

Labulen ya yaye. Babbar Malama ce, mace mai jiki, da tabarau da farar riga, ta tsaya tana kallon abin da ke kan tabarma. Turaren bai ɓoye komai ba. Ta cire takalmi ta shigo, ta durƙusa, ta kama fatar bayan hannun Gwaggo ta ɗan ja ta saki. Fatar ta tsaya a tsaye, ta ƙi komawa. Ta duba idanun, ta taɓa wuyan hannu, fuskarta ta canza.

"Tun yaushe take zawo?"

Wakili ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi ƙasa.

"Wane ruwa take sha?"

"Ga shi nan," Wakili ya nuna jarkar, "namu ne, na kamfani."

"Miƙo min jakarki," Babbar Malama ta ce wa Mai Jaka, "a haɗa mata ruwan gishiri yanzu." Ta miƙa hannu ta ɗauki jarkar da ƙarfin wanda zai ɗaga abu mai nauyi, sai jarkar ta yi sama fayau har ta kusa bugun tabaraunta. Ta girgiza ta. Ko ɗigo babu. Garin sauri matar Wakili ta manta ta zuba wani abu a ciki.

"Tuluna yana bayan ɗakin girki," Gwaggo ta ce, "an kifa masa kwando. A je a sunsuna. In akwai wanda zai iya kurɓa a cikinku, na yafe maganar."

Mai Jaka ta je ta dawo, hannunta a kan hanci, idonta ya cika da ƙwalla. Ta durƙusa a gefen tabarmar. "Gwaggo, don Allah me ya sa ba ki faɗa min ba? Sau nawa ina zuwa!"

"Ke me ya sa ba ki shigo ba? Labule kika zo dubawa?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Babbar Malama ta dube ta ta saman tabarau, kallon da ke cewa za mu yi magana, sannan ta ce a buɗe falo a kawo ruwa, a kuma kira mai keken kamfani da ke kai marasa lafiya. Matar Wakili ta rasa inda ta sa makullin, sai lalube take a ƙugu tana cewa ai ita tana ba ta, Gwaggo ce take ƙi, tsofaffi ba sa son ɗanɗanon magani. 

Ta babbar ƙofa aka fito da Gwaggo, a hannun mata biyu, rana tsaka, layin ya cika da masu kallo. Wata maƙwabciya ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Gwaggo, ke ce haka? Ai ce mana ake kina samun sauƙi!"

"Ni ma haka nake ji ana faɗa," Gwaggo ta ce, aka kwantar da ita a keken.

A ƙaramin asibitin kamfanin an sha wuya kafin a samu jijiya. Leda bayan leda aka yi ta ƙara mata ruwa, likitan yana cewa da an ƙara jinkiri da sai dai wani zancen. Ya ce ƙodarta ta taɓu, za ta tashi amma ba za ta koma kamar da ba. Gwaggo ta ji, ta ce to. Wannan shi ne abin da karar da ta yi ta jawo mata, kuma ba ita kaɗai ba ce. Ɗakunan baya suna da yawa, labulaye suna da yawa, ana ta gaisawa ta bayansu kowa yana wucewa da zuciya fes. Injin tace ruwa yana aikinsa a bakin titi, amma ba ya shiga gida ya ga wa aka zuba wa, wa aka hana.

Da ta fara iya zama, Wakili ya zo. Ba rigar kamfani a jikinsa, an ce ya ajiye ta tukuna har a zauna a kan maganarsa. Ya rame shi ma. Ya jawo kujera ya zauna dab da gadon, ya leƙa ya ga Babbar Malama tana can ƙarshen ɗakin tana duba wata mai jego, sai ya rage murya.

"Gwaggo, na yi kuskure, na sani. Amma za su zo su tambaye ki. Don girman Allah ki ce ke ce kika ƙi sha, ba kya son ɗanɗanonsa. Magana ɗaya ce. Yarana, Gwaggo, jikokinki. Ki rufa min asiri."

Ta daɗe tana kallonsa. Tana son sa, abin haushin ke nan, har yanzu tana son sa, kuma ta ji son yana mata ciwo kamar murɗar cikin.

"Asirin da na yi ta rufa maka shi ya kusa rufe ni da ƙasa," ta ce. "In sun tambaye ni, abin da ya faru zan faɗa. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Jikokina kuwa gara su ji, domin kai ma za ka tsufa a hannunsu."

"Gwaggo..."

"Ƙishirwa nake ji."

Ta faɗa da ƙarfi, har Babbar Malama ta waigo. Wakili ya yi zumbur ya miƙe, ya ɗauki butar ruwan da ke kan ɗan teburin gefen gado, ya cika kofi har yana zuba, ya durƙusa ya miƙa mata da hannu biyu, yana satar kallon ƙarshen ɗakin ko ana ganinsa.

Gwaggo ta dubi kofin, leɓɓanta a bushe, maƙogwaronta yana motsi. Ta mayar da hannuwanta cikin mayafi.

"Ba daga hannunka ba," ta ce. Ta ɗaga murya ta kira ma'aikaciyar da ke wucewa. "'Yata, zo ki ba ni ruwa."

Ma'aikaciyar ta zo ta ɗauko wani kofin ta zuba. Gwaggo ta karɓa ta sha a hankali har ƙasa, ta miƙa aka ƙara mata. Shi kuwa yana nan durƙushe da nasa kofin a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi.